Daga masussuka zuwa majema: ina Turawa suka samo kalmominsu na duka?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata matsala ta aiki da nake so mu duba tare. Sana'ata fassara labarai ce daga Turanci zuwa Hausa, kuma a makon nan aiki ya mai da ni kan jawabin da Barack Obama, shugaban Amurka na lokacin, ya yi ranar 3 ga Nuwamba 2010, washegarin zaɓen tsakiyar wa'adi wanda jam'iyyarsa ta Democrat ta rasa kujeru 63 a Majalisar Wakilai. Da yake bayyana abin da ya same su, sai ya kira shi "shellacking". Na buɗe ƙamus, na tarar cewa "shellac" wani irin ƙaro ne da ake narkarwa a shafa wa katako domin ya yi ƙyalli. To me ya haɗa shafa wa kujera mai da shan kaye a zaɓe? Da na ci gaba da bincike sai na ga kalmomin duka a Turancin kan titi suna da yawan gaske: "thrashing", "hiding", "tanning", "drubbing", "licking", "walloping", da sauransu. Ina roƙon masana a cikinmu su yi mana bayanin asalinsu da inda kowace take dacewa, domin mai fassarar da bai san nauyin kalma ba yakan mai da tsawa raɗa, ko ya mai da raɗa tsawa.

Malam Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da na lura shi ne mafi yawan waɗannan kalmomi ba a fagen faɗa aka haife su ba. A wurin aiki aka haife su, a gona da majema da kicin, daga baya aka ɗora su a jikin mutum.

Mu fara da "thrash", domin ita ce ta fi kusa da mu. Asalinta ɗaya da "thresh", wato sussuka, kuma dukansu sun fito ne daga tsohuwar kalmar Turanci "therscan". Manomin Ingila na da yakan baza dammunan alkama ko sha'ir a masussuka, ya riƙa jibgarsu da wata sanda mai gaɓa biyu har ƙwaya ta rabu da ƙaiƙayi. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake bugun shinkafa ko dawa ya san ba bugu ɗaya ake yi ba. Ana yi ne ana maimaitawa har sai zangarniya ba ta da sauran abin bayarwa. Wannan maimaicin shi ne ya biyo kalmar har yau. Mari ɗaya ba "thrashing" ba ne. Sai an daɗe ana yi, wanda ake duka kuma ba shi da ikon ramawa. Da tafiya ta yi nisa sai rubutun ya rabu gida biyu, "thresh" ta zauna wa hatsi, "thrash" ta koma wa mutum.

Abin da ya fi burge ni shi ne mu ma hanyar da muka bi ke nan ba tare da mun kwaikwayi kowa ba. Muna casa hatsi, muna kuma cewa an casa wane. Muna kirɓa fura a turmi, muna kuma cewa an kirɓe shi. Manomi ko'ina yake, da kayan aikinsa yake magana.

Sai dangin fata. "Hide" ita ce fatar dabba da aka feɗe, daga nan aka sami "hiding". "Tan" ita ce jima, wadda su suke yi da ɓawon itacen "oak" kamar yadda majemanmu suke yi da bagaruwa, shi ya sa uba a Ingila ko Amurka zai ce wa ɗansa "I'll tan your hide", wato zai jeme masa fata. Akwai kuma "leathering", daga kalmar jemammiyar fata, wadda take nuni ga abin da ake dukan da shi.

Ustaz na Gwale:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni tawa gudummawar a kan "drubbing" ce, domin na taɓa cin karo da tarihinta, kuma ya ba ni mamaki. Kalmar "drub" ta bayyana a rubutun Turanci ne a wajajen 1630, a bakin matafiyan da suka je ƙasashen Gabas, kuma da farko suna amfani da ita ne wajen kwatanta hukuncin da ake ɗaure mutum a riƙa dukan tafin ƙafarsa da sanda, abin da ake yi a Farisa da Daular Usmaniyya. Saboda haka manyan ƙamusoshi suka karkata ga cewa daga Larabci take, daga "daraba", wato ya buga.

Duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san wannan fi'ili, domin da shi ake kafa misalin fa'ili da maf'uli: "daraba Zaidun Amran". Ashe kalmar da muke haddacewa a zaure ita ce Baturen jarida yake rubutawa idan an ci wata ƙungiya ƙwallaye da yawa. Kuma ku lura da yadda kowane harshe ya karɓi harafin farko na kalmar. Bature ya ji shi "d". Kakanninmu kuwa sau da yawa "l" suka ji shi, shi ya sa muka sami alƙali da alwala da lalura.

Malam Ɗan Zazzau:
Ustaz, bayaninka ya yi daidai da abin da ƙamusoshi suka fi rinjayarwa, amma adalci shi ne mu faɗa wa masu karatu cewa akwai ra'ayi na biyu. Wasu masu nazari suna danganta "drub" da tsohuwar kalmar Turanci "drepan", wadda ita ma ma'anarta bugu ce. Abin da yake ƙarfafa ra'ayinka shi ne wurin da kalmar ta fara bayyana, wato labaran matafiya, da kuma irin dukan da take nufi a lokacin. Ni ma can na fi karkata. Na kawo wannan ne saboda a fagen asalin kalmomi, labarin da ya fi daɗin ji shi ne ya fi saurin yaɗuwa, ko da hujjarsa ba ta kai ba.

Tsohon Hedimasta:
Ina gaishe ku duka. Ni na yi karatu a hannun malaman da Turawa suka koyar, don haka wasu daga cikin kalmomin nan a aji na fara jin su, ba a littafi ba. Akwai rukunin da ba a taɓo ba tukuna, wato waɗanda aka ciro daga sunan abin dukan. "Caning" daga "cane" ce, tsumagiyar gora. "Birching" daga ɗaurin rassan wata bishiya da suke kira "birch". "Belting" daga bel na ɗaure wando, "slippering" kuma daga takalmin roba na wasanni da malamai suke amfani da tafinsa. Sai wadda ta fi kowace shahara a makarantun kwana na Ingila, "six of the best", wato bulala shida masu kyau.

Waɗannan ba zancen baka ba ne kawai, tsari ne na hukuma ya haife su. A rundunar jiragen ruwan Birtaniya akwai bulala mai harshe tara da suke kira "cat o' nine tails", kuma sai a 1879 aka dakatar da amfani da ita, rundunar ƙasa kuma ta daina bulala a 1881. Kotunan Birtaniya sun ci gaba da yanke hukuncin bulala har 1948. A makarantun gwamnati kuwa sai a 1986 majalisarsu ta hana, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, 231 da 230, dokar ta fara aiki a 1987. Makarantu masu zaman kansu na Ingila da Wales ba a hana su ba sai 1999. Idan al'umma ta yi ɗaruruwan shekaru tana dukan sojanta da ɗalibinta da ɓarawonta a hukumance, ba abin mamaki ba ne harshenta ya cika da sunayen duka.

Mu ma muna da irin wannan. Dorina sunan dabbar ruwa ce, kuma sunan bulalar da ake yankowa daga fatarta. A Suwahili ma haka yake, "kiboko" tana nufin dabbar da bulalar duka biyu.

Maman Sadiƙ:
Baba Hedimasta, ina neman afuwa zan shigo ta nan, domin maganarka ta taɓa abin da yake damuna. Ina aikin jinya a birnin Glasgow na Sikotland shekaru masu yawa, kuma waɗannan kalmomi ina jin su ne daga bakin waɗanda aka kawo mana da fasasshen kai. A nan idan an yi wa mutum taron dangi sai a ce "he got a doing", wato kamar a ce an yi masa aiki. Idan an sa masa ƙafa yana kwance, "a kicking" ke nan. Karo da goshi a hanci kuma shi suke kira "Glasgow kiss", sumbar Glasgow. A kudancin Ingila za ka ji "duffed up". Amurkawa suna da "knuckle sandwich", wato a ciyar da kai dunƙulen hannu a matsayin burodi, mutanen Ingila kuma suna kiran dunƙulen "bunch of fives".

Abin da nake so ku lura da shi shi ne kusan dukansu suna sassauta abin da ya faru. Sumba, burodi, aiki, shafa mai. Mutumin da aka karya wa haƙarƙari uku zai ce mini an ba shi "a bit of a doing", kamar ruwa ne ya ɗan taɓa shi a hanya. A takardar 'yan sanda kuwa sunan abin "grievous bodily harm" a Ingila, laifin da yake cikin dokarsu ta 1861, wanda suke taƙaitawa GBH. Tsakanin kalmar titi da kalmar doka akwai rata mai faɗi, kuma a cikin ratar nan ne mutane da yawa suke ɓoye abin da ake yi musu a gida. Na sha jin dattijuwa tana cewa mijinta yakan ba ta "a good hiding" a zamanin ƙuruciya, ta faɗe shi ba tare da muryarta ta canja ba. Kalmar "good" ɗin nan ita ce take tsaya mini a rai. Haka ma "best" da ke cikin "six of the best". Wane ne ya yanke cewa masu kyau ne? Ba yaron da ya sunkuya ba dai.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ba zan musa miki ba, amma ina so ki duba ɗaya gefen. "Good" a nan ba yabo ba ne, ma'anarta cikakke, kamar yadda za mu ce ya sha duka mai kyau ba tare da muna nufin dukan alheri ne ba. Sannan ba kullum mai duka ne yake ƙirƙiro kalmar ba. Sau da yawa wanda aka daka ne yake sassauta ta, domin ya tsare mutuncinsa a gaban abokansa. Ɗalibin da ya fito daga ofis yana cewa ya karɓi shidansa, yana nuna cewa bai karaya ba ne. Na riƙe bulala a aikina, kuma da na san abin da na sani yanzu da yawancin lokutan ban ɗaga ta ba. Duk da haka ban yarda cewa kalmomin ne suka jawo dukan ba. Dukan ne ya riga su zuwa.

Maman Sadiƙ:
Na yarda dukan ne ya riga su, Baba, amma su ne suka taya shi daɗewa. A nan Sikotland bulalar makaranta sunanta "tawse", fata ce mai kauri da aka tsaga bakinta gida biyu ko uku, kuma wadda ta fi suna ita ce ta garin Lochgelly, har sunan garin ya zama sunan bulalar. Yara kuwa "the belt" kawai suke ce mata. Abokan aikina da suka haura shekara hamsin duk sun san ta a tafin hannunsu. Ba a daina ba sai da wasu iyaye mata biyu daga nan suka kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, suka yi nasara a 1982, kuma wannan hukunci yana cikin abubuwan da suka kai ga ƙuri'ar 1986 da ka ambata. A Nuwamba 2020 Sikotland ta hana iyaye ma dukan 'ya'yansu, Wales ta biyo baya a Maris 2022. A muhawarar da aka yi kafin nan, rabin faɗan a kan kalma ne: masu adawa da dokar suna cewa "smack" ce kawai, ɗan tafi a cinya, masu goyon baya kuma suna cewa a kira shi da sunan da za a kira shi idan babba aka yi wa. Kowane ɓangare ya san cewa wanda ya ci sunan ya ci rabin shari'ar.

Ɗalibar BUK:
Iyayena da malamaina, ina biye da ku, kuma ina da tambaya a kan namu Turancin na Najeriya. Ina yawan ganin kanun labarai suna cewa wata ƙungiya ta "trash" wata, babu harafin "h" na farko. Kuskure ne ko wata kalma ce dabam? Sannan mu a nan muna cewa malami ya "flog" ɗalibi, amma wata ƙawata da take karatu a Landan ta ce da ta faɗi haka sai aka zuba mata ido.

Malam Ɗan Zazzau:
Tambayoyinki biyu duk suna kan hanya. "Trash" shara ce, kuma a matsayin aikatau tana nufin lalata wuri ko kushe abu. Wadda ake nufi a labarin ƙwallo ita ce "thrash". Tushen ruɗanin shi ne sautin "th" babu shi a yawancin harsunanmu, sai baki ya mai da shi "t", hannu kuma ya bi baki.

"Flog" kuwa a kunnen Ba'ingile kalma ce mai nauyi ƙwarai, tana tuna masa da bulalar jirgin ruwa da ta gidan yari, wadda take tsaga baya. Idan kika ce an yi wa yaro ɗan shekara bakwai haka, abin da zai gani a ransa ya wuce abin da kike nufi nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, a Turancin titi na Birtaniya "flog" ta fi yawan nufin sayarwa, kamar mutum ya ce zai "flog" tsohuwar motarsa. Akwai kuma "beat him blue black" da muke faɗa a nan, alhali su "black and blue" suke cewa, suna kwatanta launin kurman rauni a farar fata. Ni ba na ɗaukar namu a matsayin laifi idan tsakaninmu ne, amma a jarrabawa nakan gyara wa ɗalibai.

Tun da mun zo nan bari in ƙara guda uku a taƙaice. "Wallop" da farko sukuwar doki take nufi, 'yar'uwar "gallop" ce, dukansu daga tsohon Faransanci, sai daga baya ta koma bugu mai ƙara. "Lambaste" ta bayyana a ƙarni na 17 da ma'anar duka na zahiri, amma yau ta bar jiki ta koma baki, ita ce muke fassarawa da caccaka idan ɗan adawa ya taso wa gwamnati. "Licking" kuwa, wadda asalinta lasa ce, ta fi zama a Amurka, har kamfanin agogo na Timex ya yi shekaru yana talla da ita, yana cewa agogonsa yana shan duka amma bai fasa tafiya ba.

Game da sassautawar da Maman Sadiƙ ta yi magana a kai, tsohuwar ɗabi'a ce. A ƙamusun kalmomin 'yan tasha da Francis Grose ya wallafa a Landan a ƙarshen ƙarni na 18, akwai barazanar da ake yi wa mutum cewa za a shafe shi da "oil of gladness", wato man farin ciki, ana nufin za a lakaɗa masa duka. Ka ga tun a wancan lokaci ana haɗa duka da shafa mai.

Baban Amira:
Wannan ya dawo da mu kan tambayata ta farko, Malam. Ke nan "shellacking" ma daga wannan layin take?

Malam Ɗan Zazzau:
Hoton dai iri ɗaya ne, amma ita 'yar Amurka ce, kuma ƙarama ce a shekaru. Shi "shellac" wani ƙwaro ne yake fitar da shi a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana kankarowa a tace, a narkar da shi a cikin sinadarin barasa kafin a shafa. Da shi ma aka riƙa yin faifan garmaho na da. A shekarun 1920, lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, "shellacked" tana nufin wanda ya bugu ya yi tilis. Zuwa shekarun 1930 sai marubuta labarin wasanni suka ɗauke ta suka ba wanda aka yi wa mummunan kaye a dambe ko a fili. Ka lura mu ma da kalma ɗaya muke cewa an buge shi da kuma ya bugu.

Kuma ba Obama ne ya fara irin wannan ba. A Nuwamba 2006, da jam'iyyar Republican ta rasa rinjaye a majalisa, George W. Bush ya kira abin "thumping", har ya haɗiye harafin ƙarshe irin na mutanen Texas. Dukansu biyu sun zaɓi kalmar gida ne domin su amsa kaye ba tare da sun yi kama da wanda ya durƙushe ba, wanda shi ne abin da Baba Hedimasta ya faɗa game da ɗalibin da ya fito daga ofis.

Ustaz na Gwale:
Idan haka ne, a ganina yau fagen wasa da siyasa su ne suka gaje yawancin kalmomin. Ranar 8 ga Yuli 2014 da Jamus ta ci Brazil 7 da 1 a Belo Horizonte, ko a Agusta 2020 da Bayern Munich ta ci Barcelona 8 da 2 a Lisbon, ai babu kalmar da jaridun Turanci suka bari: "thrashing", "drubbing", "hammering", "mauling". Namu masu labarin wasanni ma haka suke yi, su ce an lallasa, an casa, an ragargaza. Yaron da ya taso yau a Manchester zai iya sanin "drubbing" shekara ashirin bai taɓa jin an yi amfani da ita a kan jikin mutum ba.

Maman Sadiƙ:
Gaskiya ne game da "drubbing" da "shellacking", Ustaz, ban taɓa jin majinyaci ya faɗe su ba. Amma "hiding" da "battering" da "kicking" suna nan da ransu a ɗakinmu na gaggawa kowane daren Asabar. Don haka ina roƙon Baban Amira, idan labarin da yake fassarawa na mutum ne da aka raunata, kada ya ɗauko kalmar filin ƙwallo, ko da Baturen da ya rubuta ya ɗauko. Ya ce an yi masa duka, ya faɗi raunin da aka ji masa.

Baban Amira:
Na karɓi wannan, Maman Sadiƙ, kuma zan kai shi teburin editanmu. Game da jawabin Obama, da farko na rubuta "mun ci na jaki", amma yanzu na ga ta yi ƙasa da bakin shugaban ƙasa a gaban 'yan jarida, kuma tana ɗauke da ma'anar hukuncin mai laifi, wadda babu ita a cikin "shellacking". "An yi mana dukan kawo wuƙa" kuma ta yi nauyi, domin shi bai nuna cewa sun mutu ba. Na tsaya tsakanin "mun sha kashi" da "an lallasa mu".

Tsohon Hedimasta:
Ɗauki ta farko, ɗana. A jimlarsa ta Turanci shi ne ya karɓi dukan, bai ambaci wanda ya yi masa ba, kuma "mun sha kashi" ita ce ta bar maganar a bakin wanda ya sha.